Duron Taki a Tsakar Gida: Daga Ƙanƙara Zuwa Sabuwa

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kujera ɗaya suke da ita a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma ko babu siyasa ƙasa ta riga ta haɗa su. Su ne gefen kudu maso yammacin Jihar Katsina, inda damina ta fi tsawo, ƙasa kuma ta fi jigawar Daura da Mashi ƙarfi. Masarar da ake lodawa a kasuwar Ɗandume, da dawa da waken suya da auduga, kaso mai tsoka daga gonakinsu yake fitowa. Ƙanƙara da Faskari sun jingina da Zamfara, Sabuwa ta jingina da Birnin Gwari, wato duk suna bakin dajin da ya hana mutane barci shekara da shekaru. Wanda ya ji sunan Ƙanƙara daga nesa, daren 11 ga Disamba 2020 yake tunawa, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta garin. Ni abin da ya kai ni bai kai wannan nauyi ba. Taki ne, takin ma na ruwa, wanda ake jiƙawa a duro ana shayar da shukar da ke cikin buhu a tsakar gida.

Ta Malumfashi na biyo, muka karya a Mararrabar Ƙanƙara, hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe duwatsu. An gama girbi, kara yana zube a gonaki, amma shanu sai ɗai-ɗai. Wanda ya tashi a wannan yanki ya san a irin wannan lokaci ne Fulani suke sauka a gonakin da aka girbe. Manomi ya je ya yi wa ardo sallama, a daidaita: garke zai kwana a gonarsa ya ci kara, shi kuma ya ba da damin dawa, wani lokaci har da kanwa, ya bar su su sha a rijiyarsa. Bayan 'yan kwanaki a matsar da makwancin gaba, har gona ta zagayu. Ba takarda, ba sa hannu, amma a kan wannan ciniki ƙarfin ƙasar nan ya tsaya tun kaka da kakanni. Satar shanu da ramuwar gayya suka rushe shi. Makiyayin da ba ya son fitina ya kora abin da ya rage masa ya yi kudu, manomi ya sayar da shanun huɗarsa tun kafin a zo a kwance masa su da dare. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kai ga dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomin da ke bakin daji, har da waɗannan uku, ta kuma hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. Ana lissafin rayuka da dukiyar da aka rasa, kuma ya cancanta a lissafa. Kashin shanun da ya daina sauka a gona kuwa babu mai rubuta shi, sai ƙasar da take ramewa.

A cikin garin Ƙanƙara na sauka wajen gwaggona, ƙanwar mahaifina. Ƙauyensu yana yamma da gari, kuma tun da suka fito ba su koma da kwana ba. Mace ce da ta saba da gayaunarta da garkarta a bayan gida, yanzu ga ta a ɗaki biyu a gidan dangi, da tsakar gidan da ba ta fi shimfiɗar tabarma shida ba. Amma ko ina ka duba a jikin katanga kore ne. Buhunan siminti da na taki an naɗe bakinsu an cika da ƙasa, tsoffin robobi, fasasshiyar randa, har da bokitin da gindinsa ya ɓule. Alayyafo, albasa mai lawashi, attaruhu, tumatir an ɗaure shi da tsumma a jikin kara, latas a cikin wani tsohon daro, ga zogale biyu sun wuce katanga. A lungun da ke kusa da turken awaki wani shuɗin duro ne a rufe da faifai da dutse a kai.

Na ce, “Gwaggo, rini kuka koma yi ne?”

Ta ce, “Kai ɗan nan, matsa baya kada ka ɓata farar rigarka. Abincin waɗancan ne.” Ta nuna buhunan da haɓa.

Yadda take yi ba shi da wuya, sai dai yana da ƙa'ida, kuma ba ta yarda a tsallake ko ɗaya ba. Sharar turke, wato kashin awaki da guntun harawa da ƙasar da ta sha fitsari, ba ta jiƙa ta ɗanya. Tana tara ta a rami mai inuwa tare da tokar murhu kaɗan da ɓawon kayan miya da busasshen ganye, tana yayyafa ruwa, tana juyawa lokaci-lokaci, har tarin ya yi zafi ya huce, ya koma baƙi, ya daina warin kashi ya koma ƙanshin ƙasa. Daga nan ne take ɗiba ta zuba a buhu, ta ɗaure bakinsa da igiya, ta rataya a jikin sandar da ta gitta a bakin duro, buhun yana lilo a cikin ruwa. Kowace safiya ta ɗaga shi ta sauke sau da yawa, ta juya ruwan da wata tsohuwar muciya da aka yi wa ritaya daga tuwo. Bayan kamar mako biyu ruwan ya yi duhu. Ba ta zuba shi haka. Tana sirka shi da ruwan rijiya sai ya koma kalar shayin da aka yi wa rowar ganye, sannan ta bi buhu-buhu da moɗa, da yamma, bayan ta fara jiƙa ƙasar da ruwan zalla. Dusar da ta rage a buhu kuma ta koma gindin zogale.

Wata maƙwabciya ce ta nuna mata, ita ma a wajen wani taron mata ta gani. Amma dalilin da ya sa abin ya zauna a hannunta, dalili ne da duk mai shuka a buhu zai gane. Ƙasar buhu kaɗan ce, saiwa ba ta da inda za ta je neman abinci, ruwan da ake zubawa kullum kuma yana wanke ɗan abin da ke ciki ya fice ta ƙasa. In ka tura ɗanyen kashi ya ƙone saiwa, ya jawo gara, ya kawo irin ciyawa. In ka barbaɗa yuriya a ɗan wannan wuri, hannunka ya ɗan yi nauyi, da safe ka tarar da ganye ya yi yaushi. Jiƙon taki kuwa ɗan abin da ya narke ne kawai yake ɗauka, musamman fotash da wani kaso na naitirojin, a sirke, kuma saiwa tana iya sha nan take. Kaɗan-kaɗan, mako-mako, daidai cikin shukar da ke tsare. Ganyen alayyafonta ya fi tafin hannuna faɗi, kuma yaran unguwa suna sallama a ƙofa da kuɗinsu a hannu. Daga nan kuɗin gishiri da omo da na makarantar allo suke fita.

Wuri ɗaya muka yi musu da ita, a kan daron latas. Alayyafo da zogale ana dafa su kafin a yi miya ko kwaɗo, wuta tana gama da abin da ke jikinsu. Latas da lansir da tumatirin da ake yankawa a kan shinkafa ɗanyu ake ci. Kashin dabba yana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa, irin su E. coli da Salmonella, kuma jiƙa shi a ruwa ba ya kashe su. Zafin tarin taki ne yake kashe su, shi ma sai ya kai kamar digiri 55 ya jima a haka kwanaki, kuma gefen tarin da bai ji zafi ba sai an juya shi ya shiga tsakiya. A Amurka, ƙa'idar noman da babu sinadari ta ce in an zuba ɗanyen kashi, sai an jira kwana 120 kafin a girbe abin da yake taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Latas gaba ɗayan rayuwarsa bai kai haka ba. Gwaggo ta saurare ni har na gama, ta ce ita a gindi take zubawa, ba ta taɓa watsawa a kan ganye ba, kuma wanda bai wanke latas da gishiri ba shi ya so. Ba ta yi ƙarya ba, amma latas a ƙasa yake kwance, kuma jikokinta ne suke ban ruwa in ta tafi unguwa. Faifan da ke kan duron ma na yaba masa da biyu: sauro ba ya samun wurin ƙwai, ɗan yaye kuma ba ya leƙawa ya faɗa.

Da zan wuce Faskari, direban da na samu ya ce shi ta Funtuwa yake zagayawa, ko an buɗe hanyar Sheme ko ba a buɗe ba. Ban ja da shi ba. Zagayen ma ya yi mini rana, domin a kan titin Funtuwa zuwa Gusau ne Mairuwa take, da madatsar ruwanta da masu noman rani a gefe. A nan aka haɗa ni da wani matashi da ya yi karatun aikin gona, ya dawo gida babu aikin gwamnati, ya kafa rumfar raga da leda a bayan gidansu yana renon dashen tumatir da tattasai yana sayar wa masu lambu. Wannan shi ne mafi kusa da abin da Turawa suke yi a ɗakunan shuka, inda komai a rufe yake, iska da ruwa da abinci duk a hannun mutum.

Nasa duron yana tafasa ba wuta. Ya sayi ɗan injin hura iska irin na masu kiwon kifi, ya haɗa shi da faifan sola da batir, ya zura siririn tiyo har gindin duro, kumfa tana tashi ba tsayawa. A ciki akwai ruɓaɓɓen taki a ƙulle cikin yadi, da ɗan dunƙulen mazarƙwaila da ya narka. Ba ya kai mako biyu. Kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya tace, ya zuba a injin feshi, ya yi amfani da shi a ranar, domin da zarar iska ta tsaya abin da ke ciki ya fara mutuwa. Ya ce ruwan rijiya ya fi, in kuwa na famfo ne mai kulorin sai ya kwana a buɗe tukuna.

“Yaya, ni ba taki nake dafawa ba,” in ji shi, “ƙananan halittu nake kiwo. Mazarƙwailar abincinsu ce.”

A YouTube ya koya, kuma ya riƙe sunan malamar da kyau: Elaine Ingham, masaniyar halittun cikin ƙasa 'yar Amurka, wadda ta yi aiki a Jami'ar Jihar Oregon, kuma tun shekarun 1990 ta fi kowa yaɗa wannan hanya ta hura wa jiƙon taki iska. Hujjarta ita ce taki mai kyau cike yake da halittun da ido ba ya gani, masu narka abinci su miƙa wa saiwa, masu kuma tare wa cuta wuri. In ka ba su iska da abinci suka ninku, ka fesa a ganye da ƙasa, ka yi wa shuka rundunar tsaro. Kafin ita ma, a shekarun 1980, Heinrich Weltzien na Jami'ar Bonn a Jamus ya gwada jiƙon taki marar iska a kan ganyen inabi da wasu shuke-shuke, ya ga yana rage wasu cututtukan fumfuna. Mazarƙwailar kuwa ta tuna mini da manoman Indiya masu bin tsarin noman Subhash Palekar. Su a duro mai lita 200 suke zuba kilo 10 na kashin saniya, da fitsarinta, da kilo 2 na irin tasu mazarƙwailar, da kilo 2 na garin wake, da dintsin ƙasar gona, su bar shi 'yan kwanaki suna juyawa. Gwamnatin Jihar Andhra Pradesh ta ɗauki tsarin tana yaɗa shi tun 2016. Duk kayan haɗin nan akwai su a kowace kasuwar ƙauye a ƙasar Katsina.

Dashensa yana da kyau, ba zan rage masa ba: kara kauri, saiwa fara tas. Sai dai ina da ja a kan abin da yake jingina wa nasarar. Ƙasar da ya shuka a ciki rabinta ruɓaɓɓen taki ne, raga ta tare ƙwari, ruwa yana zuwa a kan kari. Dashen da ya samu wannan gata zai yi kyau ko an fesa masa jiƙo ko ba a fesa ba. Gwaje-gwajen da masana suka yi a ƙasashe daban-daban ba su tsaya a kan magana ɗaya ba: wani ya ga cuta ta ragu, wani bai ga komai ba, kuma ko a hannun mutum ɗaya duron yau ba ya zama irin na jiya, tunda taki da ruwa da zafin gari duk suna sauyawa. Ga kuma abin da masu bidiyo ba su cika faɗa ba. Zaƙin da ke ciyar da halittu masu amfani ba ya tambayar suna. In takin bai nuna sosai ba, ƙwayar cutar da ta tsira ita ma za ta ci ta ninku. Kwamitin da hukumar ƙa'idojin noman da babu sinadari ta Amurka ta kafa a kan wannan batu ya ja kunne game da haka a rahotonsa na 2004. Na ce masa ya ware tire biyu, iri ɗaya, ƙasa ɗaya, ya ba ɗaya jiƙo ɗaya ruwan zalla, ya bar idonsa ya yi alƙalanci. Ya yi dariya ya ce masu sayen dashe ba za su jira bincikena ba. Amma na ga maganar ta shige shi.

Daga Sheme muka karya zuwa Daudawa. Ƙaramin gari ne a yau, amma a tarihin noman Arewa yana da suna. A shekarun 1920 Turawa suka buɗe gonar yaɗa irin auduga a nan, lokacin da injin gurzar auduga na Funtuwa da layin dogon da ya tashi daga Zariya ya kai Ƙauran Namoda a 1929 suka mai da yankin nan ƙasar kaɗa. A wannan zamani ne kuma, daga 1928, aka fara ba manoman Arewa rancen bijimai biyu da garma. Mutane sun riƙe huɗar, amma rabin manufar shirin taki ne: a ɗaure shanu a garke, a shimfiɗa musu ciyawa, a kwashe abin da ya taru a kai gona. Ashe tun wancan lokaci malaman gona sun san ƙasar nan ba za ta jure noma shekara-shekara ba sai da dabba a kusa.

Sai 1975 ta zo da Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa, ɗaya daga cikin uku na farko da Bankin Duniya ya tallafa wa a Nijeriya, tare da na Gusau da na Gombe. Gundumomin Ƙanƙara da Faskari suna ciki. Aka yi hanyoyin karkara, aka buɗe cibiyoyin sayar da kayan noma, aka kawo ingantaccen irin masara da takin zamani da gwamnati ta ɗauke mafi yawan kuɗinsa. Masara, wadda a da ake shuka ta a bayan gida don gashi, ta mamaye gonaki. Arziki ya shigo, ba mai musu. Amma masara maciyiya ce, kuma manomin da ya ga buhu ɗaya ya yi masa aikin amalanke da yawa, a hankali ya saki juji. Yanzu buhun ya yi fiffike. A 2017, ƙarƙashin shirin takin Shugaban Ƙasa da aka ƙulla da Maroko, an sa wa buhun NPK naira 5,500. Yaƙin Rasha da Yukren a 2022, da cire tallafin mai da faɗuwar naira a 2023, suka ninka farashin sau da yawa, duk da cewa masana'antar yuriya ta Ɗangote a Legas, mai ƙarfin tan miliyan 3 a shekara, a 2022 ɗin aka ƙaddamar da ita. Shanu sun tafi, buhu ya fi ƙarfin aljihu. A tsakanin waɗannan biyu ne duron gwaggo ya samu wurin zama.

Ɗandume muka ratsa muka shiga Sabuwa da sauran rana, domin babu direban da yake son magariba ta same shi a wannan hanya. Ƙasar Sabuwa ta fi ta Ƙanƙara duhu da itatuwa, rumbuna kuma manya. Mai masaukina dattijo ne, manomin masara na gaske, irin waɗanda a da suke kirga amfaninsu da ɗaruruwan buhu. Bayan sallar isha'i muna zaune a zaure da shi da limamin unguwa, na kawo labarin duro. Ashe ya riga ni sani. Wasu samari sun taɓa zuwa masa da jarkoki masu lakabi mai sheƙi, wai takin ruwa ne, lita ɗaya ta isa hekta, ya manta da buhu.

Ya ce, “Malam, na ce musu ku zuba wa taku gonar tukuna, in Allah ya kai mu kaka sai mu zo gani. Har yau ban ga ƙeyarsu ba.”

Na ce, “Baba, ai kun yi daidai.” Kuma lissafi yana bayansa. Yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ce, wato buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Busasshen kashin awaki, ko an yi masa kara an ce kashi 2 cikin 100 ne, kilo 20 da za a rataya a duro bai wuce giram 400 ba, kuma ba duka ne yake narkewa ba. Ko da duka ya narke, sai an jiƙa duro kusan 60 kafin a kamo buhun yuriya ɗaya. Shawarar da masana suka daɗe suna bai wa mai masara a irin wannan ƙasa kuwa ta kai kilo 120 na naitirojin a hekta. Ruwa ba ya ƙara wa taki komai, raba shi kawai yake yi. Wanda yake da kashin dabba da zai ishi gona, gara ya kai shi gonar da jikinsa, domin dusar da ba ta narkewa ita ce take gyara ƙasa, ta sa ta riƙe ruwa, ta rage ƙarfin ƙuduji. Shi ya sa dattijon yake sayen kashin kaji a buhu daga motocin da ke kawo shi, yana cakuɗa shi da ɗan kamfar da ya samu, kuma yanzu ba ya sare gawo ko ɗaya a gonarsa.

Duniya ta ga abin da gaggawa take haifarwa a wannan fage. A Afrilun 2021 gwamnatin Siri Lanka ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya, ta ce kowa ya koma na gargajiya. Amfanin shinkafa da ganyen shayi ya faɗi, kafin shekarar ta ƙare aka janye dokar. Mu a nan matsalarmu ma akasin haka ce. A taron Abuja na 2006 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ɗaga takin da ake zubawa daga kimanin kilo 8 a hekta zuwa 50 kafin 2015, ba a kai ba. Ƙasar da ba ta taɓa ƙoshi ba, ba a yi mata wa'azin azumi.

Liman ne ya juya hirar, ya ce ya ji a Nijar har fitsarin mutane ake zuba wa gero, ko gaskiya ne. Gaskiya ne. A yankin Maraɗi, matan ƙungiyar manoma ta FUMA Gaskiya, tare da cibiyar binciken aikin gona ta ƙasar, INRAN, sun gwada tara fitsari a jarka, a rufe shi watanni har ya tsaftatu daga cuta, sannan a zuba a gindin gero. Oga suke ce masa. An yi gwajin a ɗaruruwan gonakin mata daga 2014 zuwa 2016, sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna ƙarin amfani kusan kashi 30 cikin 100. Dalilin a fili yake: mafi yawan naitirojin da jikin mutum yake fitarwa ta fitsari yake fita, don haka ya fi kowane jiƙon kashi ƙarfi nesa ba kusa ba. Mai gida ya yamutsa fuska ya ce Allah ya sawwaƙe. Liman kuwa bai yi saurin yanke hukunci ba. Ya ce a mazhabar Malikiyya kashi da fitsarin dabbar da ake cin namanta masu tsarki ne, muddin ba ƙazanta take ci ba, saboda haka mai duron kashin awaki ba ta da abin damuwa game da sallarta. Fitsarin ɗan Adam najasa ne, mai ɗaukarsa sai ya kiyaye jikinsa da tufarsa, amma littafin fiƙihu na Muhtasar ya lissafa shukar da aka shayar da najasa a cikin abubuwa masu tsarki. Ya ce abin da ya rage ƙyama ce, ita kuwa ba fatawa take jira ba. Ban ga alamar Sabuwa za ta karɓi Oga a kusa ba. Na dai lura cewa matan Maraɗi ma ba sha'awa ce ta kai su ba, su ne masu gona mafi nisa da ƙasa mafi rauni, kuma ba su da shanu.

Da safe matar gidan ta aiko mini da kunu da ƙosai, yarinyar da ta kawo ta ce Inna ta ce a tambaye ni ko da gaske ne ganyen bedi da na zogale ma ana jiƙa su. Ana jiƙawa. Ɗanyen ganye mai laushi, a sassara, a cika rabin bokiti, a rufe da ruwa, a bar shi ya ruɓe. Warinsa ya fi na kashin awaki tashi, ƙarfinsa kuma bai kai ba, amma ga wadda ba ta da ko akuya, ya fi ruwan zalla. Tambayar ta nuna mini inda gibin yake. Labarin duro baki-baki yake yawo a tsakanin mata, daga gidan suna zuwa gidan biki, kowa da ma'auninta, wata ɗanyen kashin kaji take jiƙawa ta watsa a kan ganye, wata ta bar duron a buɗe damina guda. Malamin gona namiji ba ya wuce zaure, su kuma buhunan a ciki suke.

Wannan aiki ne da hukumar aikin gona ta jiha, KTARDA, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru za su iya yi ba da kuɗi mai yawa ba: a gwada jiƙon kashin awaki da na kaji da na ruɓaɓɓen taki a kan kayan miyarmu, a fitar da ma'auni da moɗa da bokiti, a faɗe shi a rediyo da Hausa, a kuma ɗauki malaman gona mata da za su iya shiga cikin gida a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Kafin su motsa, ke mai duro a tsakar gida, bari taki ya nuna kafin ki jiƙa, ki rufe bakin duron, kuma kada ruwansa ya kusanci abin da za a ci ɗanye.